Kunnen da ke Bakin Kwano: Yadda Na'urar LNB ke Jin Raɗar Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya hau bene a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya dubi rufin gidaje, zai ga kwanonin satalayit birjik, manya da ƙanana, kowanne ya ɗaga kai sama. A gaban kowane kwano akwai wani hannu na ƙarfe, a ƙarshen hannun kuma an ɗaura wata 'yar aba da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, wadda masu gyara ke kira LNB. Galibin jama'a sun ɗauka kwanon ne ke kamo hoto. Alhali kuwa kwano ƙarfe ne kawai da aka lanƙwasa, aikinsa bai wuce ya tattaro igiyoyin da suka faɗo a kansa ya tura su wuri guda ba. Ainihin jin yana faruwa ne a cikin 'yar abar nan, a kan wasu ƙwayoyin lantarki da ba su kai ƙwayar gero girma ba. Su ne suka sa kwanon da a da sai an gina masa gindi da siminti a tsakar gida, yau yaro ke iya saɓa shi a kafaɗa.

Saƙon da ya sha tafiya

A shekarar 1945 wani Bature ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya yi bayanin cewa idan aka ɗora na'ura a sama da tsakiyar duniya, a nisan kimanin kilomita 35,786, to za ta riƙa zagaye duniya daidai da yadda duniyar ke juyawa, mai kallo daga ƙasa ya gan ta tamkar a kafe take. Wannan ne dalilin da ya sa ake saita kwano sau ɗaya a ɗaure. An fara cin ma wannan matsayi da tauraron Syncom 3 a 1964, wanda ya kai hotunan wasannin Olamfik na Tokyo zuwa Amurka.

Sai dai nisan nan yana da tsada. Kowane kafin watsa shiri da ke jikin tauraron yana aiki ne da ƙarfin da bai fi wat ɗari da 'yan kai ba, wato kamar ƙwan fitila irin na da. Ko da yake eriyar tauraron tana tattara wannan ƙarfi ta nufo yanki guda na duniya da shi, yankin kan haɗa ƙasashe da dama. Kafin saƙon ya iso, abin da ke faɗowa a kan kowace murabba'in mita ɗaya bai wuce 'yan pikowat ba. Pikowat ɗaya shi ne wat guda a raba shi gida tiriliyan a ɗauki ɗaya. Kwano mai faɗin santimita 60 yana samun abin da ya kai kusan pikowat ɗaya ne daga kowane kafi. A cikin wannan ɗan digo ne tashoshi goma ko fiye suke, da hotunansu da muryoyinsu.

Abin sha'awa ga ɗalibin nazarin halittu shi ne, wannan adadi ba baƙo ba ne. Mafi ƙanƙantar sautin da kunnen matashi mai lafiya ke iya ji, a daidai kaɗawa 1,000 cikin daƙiƙa, shi ma pikowat ɗaya ne a kan murabba'in mita. Ashe injiniyoyi da kunnen ɗan'adam matsala iri ɗaya suka fuskanta, kuma hanyoyin da suka bi ba su yi nisa da juna ba. Fatar kunne tana tattaro sauti kamar yadda kwano ke yi. Mujiya ma ta fi kowa ƙwarewa a nan, domin gashin fuskarta a jere yake kamar faranti, yana kora sauti zuwa ramukan kunnuwanta. An gwada an tabbatar cewa tana iya cafke ɓera a cikin baƙin duhu da ji kaɗai. Daga dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku suna ninka matsin sautin kamar sau ashirin kafin ya shiga ruwan da ke can cikin kunne. A can ciki kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 12,000 a kowane kunne, waɗanda ke miƙewa suna takurewa domin ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi. Wanda ya fara hasashen cewa dole akwai irin wannan amfilifaya a cikin kunne, a 1948, shi ne Thomas Gold, mutumin da ya yi aikin na'urar rada lokacin yaƙin duniya na biyu. Likitocin zamaninsa ba su kula shi ba, sai bayan shekara talatin, a 1978, David Kemp ya gano cewa kunne da kansa yana fitar da ɗan sauti.

Abokin gaba shi ne zafi

Mai karatu na iya cewa, in dai rauni ne matsalar, ai sai a ƙara wa saƙon ƙarfi sau miliyan, magana ta ƙare. Ƙara ƙarfi ba wuya gare shi ba. Wuyar ita ce, duk amfilifaya tana ƙara wa saƙo hayaniyar kanta, kuma da zarar hayaniya ta cuɗanya da saƙo, babu sauran mai raba su.

Asalin wannan hayaniya zafi ne. A 1827 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya duba 'yan ɓarɓashin da ke fita daga garin fure a cikin ruwa da madubin ƙara girma, ya ga suna ta rawa ba tsayawa. Da fari ya zaci rai ne ke gare su, sai da ya gwada garin dutse ya ga shi ma haka yake yi. Einstein ne ya warware zancen a 1905: ƙwayoyin ruwan ne, waɗanda zafi ya hana zama, suke ta bangazar ɓarɓashin ta ko'ina. Irin wannan rawa ce ilektoron ke yi a cikin kowace waya, ko da ba a jona ta da komai ba. John Johnson da Harry Nyquist na ɗakin binciken Bell a Amurka ne suka auna ta suka kuma yi mata lissafi a 1928. A zafin ɗaki, a cikin faɗin zango irin na kafi ɗaya, wato megahaz 36, hayaniyar zafi ta kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na pikowat. Idan aka tuna cewa saƙon da kansa pikowat ɗaya ne, za a ga cewa tazarar ba ta da yawa.

Saboda haka ne injiniyoyi ke auna hayaniyar na'ura da ma'aunin zafi na Kelbin, wanda ke farawa daga matuƙar sanyi, inda zafin ɗaki yake kimanin 290. Sararin sama, idan babu hadari, sanyi gare shi a wannan ma'auni, 'yan gomomi ne kawai. Ƙasa da bango da itatuwa kuwa suna kusa da 290. Ke nan kwanon da reshen darbejiya ya gitta masa ya yi asara biyu: an tare masa saƙo, an kuma zuba masa hayaniya.

A 1944 Harald Friis, shi ma na ɗakin binciken Bell, ya fito da wata ƙa'ida mai sauƙi da har yau ake bi. Idan aka jera amfilifayoyi ɗaya bayan ɗaya, hayaniyar ta farko tana shiga lissafi ɗungurungum, ta biyu kuwa sai an raba ta da yawan ƙarfin da ta farko ta ƙara, ta uku a raba ta da na biyun farko, haka har ƙarshe. Alal misali, a ce ta farko tana da hayaniya 40 tana kuma ninka saƙo sau goma, ta biyu tana da hayaniya 100. To gudummawar ta biyun 10 ce kacal. Ma'ana, tiranzisto na farko da saƙo ya fara taɓawa shi ke yanke hukunci. Abin da ya ɓata, babu risiba komai tsadarta da za ta gyara. Haka yake a kunne: idan ƙwayoyin nan masu gashi suka mutu saboda ƙarar inji ko tsufa, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan'adam, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa ba ta maye gurbinsu.

Titin da aka share wa ilektoron

Igiyoyin satalayit suna kaɗawa da saurin da ya wuce hankali. Manyan kwanonin da suka fara shigowa gidajen masu hali a Nijeriya, waɗanda aka yi ta kallon yaƙin Tekun Fasha da su a 1991, suna aiki ne a zangon C, tsakanin gigahaz 3.7 da 4.2. Ƙananan na yanzu suna zangon Ku, daga 10.7 zuwa 12.75, wato kaɗawa kusan biliyan goma sha biyu a cikin daƙiƙa ɗaya. Tiranziston silikon na shekarun 1970 ba ya iya bin wannan gudu ba tare da ya cika wuri da hayaniya ba.

Mafita ta zo ne daga wani haɗi na sinadarai biyu, galiyam da arsenik. Galiyam ƙarfe ne mai ban mamaki da ke narkewa a digiri 29.8 na Salshiyas. A Sakkwato cikin watan Afrilu ruwa zai zama ko a inuwa. Arsenik kuwa sanannen guba ne da ke hana ƙwayoyin jiki sarrafa kuzari. Amma idan suka haɗu sukan ba da wani ƙanƙararren dutse wanda ilektoron ke ratsawa da sauƙin da ya ninka na silikon kamar sau biyar ko shida.

Duk da haka akwai sauran cikas. Domin tiranzisto ya samu ilektoron ɗin da zai yi aiki da su, sai an barbaɗa wasu baƙin atam a cikin dutsen. Su ne ke ba da ilektoron, amma bayan sun bayar sai su tsaya a kan hanya, ilektoron su yi ta karo da su. Kamar motocin haya ne da ke lodi a tsakiyar titi: su ne suka kawo fasinja, su ne kuma suka hana tafiya. A 1979 wani injiniya na kamfanin Fujitsu a Japan, Takashi Mimura, ya yi tunanin a raba tasha da titi. A shimfiɗa dutse hawa biyu: na sama, wanda aka gauraya da alminiyam, shi ke ɗauke da baƙin atam, na ƙasa kuma tsantsa ne. Ilektoron sai su gangaro daga na sama su taru a wani siririn fili a saman na ƙasa, inda babu mai tare su. Wannan shi ne tiranziston da ake kira HEMT, wanda aka bayyana wa duniya a 1980. Masu bincike na kamfanin Thomson a Faransa su ma sun isa ga irin wannan ƙira a daidai lokacin.

Ba 'yan kallon talabijin ne suka fara morarsa ba. Masu nazarin taurari ne na cibiyar Nobeyama a Japan suka ɗaura shi a kan babban kwanonsu mai faɗin mita 45 a 1985. Daga wajen 1987 ya shiga kwanonin gidaje, aka samu damar rage faɗinsu ƙwarai. Lissafin a fili yake: idan aka rage hayaniya da rabi, rabin filin kwano ya isa. Hakan ya zo daidai da lokacin da aka fara harba taurari masu ƙarfi domin gidaje kai tsaye, irin su Astra 1A na Turai a ƙarshen 1988. DStv ya fara a 1995. An ba Mimura lambar yabo ta Kyoto a 2017.

Ƙofar da ke sarrafa wucewar ilektoron a irin wannan tiranzisto faɗinta kamar rubu'in maikuromita ne. Ƙwayar cutar E. coli da ke cikin hanji tsawonta maikuromita biyu ne, wato ta ninka ƙofar sau takwas.

Gari guda a kan ƙwaya ɗaya

Ƙara ƙarfi rabin aikin LNB ne. Igiya mai gigahaz 12 ba ta iya tafiya a cikin wayar eriya ta gida. Kafin ta yi 'yan mitoci ta tsiyaye. Dole a sauko da ita tun a bakin kwano. Dabarar ita ce wadda duk mai ɗaure tsirkiyar garaya ya sani: idan sautuka biyu suka kusa daidaita, akan ji wani kaɗawa na uku a hankali, wanda shi ne bambancin da ke tsakaninsu. LNB tana ƙirƙiro tata igiyar, mai megahaz 9,750 ko 10,600, ta gauraya ta da wadda ta zo daga sama. Tashar da ta zo a 11,000 sai ta koma 1,250. Wadda ta zo a 12,000 ta koma 1,400. Duk tashoshin sukan sauka tsakanin 950 da 2,150, su bi waya zuwa risiba, bayan an ninka ƙarfinsu daga sau dubu ɗari zuwa sau miliyan.

A da, kowane ɓangare na wannan aiki daban ake ƙera shi, a jona da 'yan wayoyi. To a gigahaz 12 tsawon igiya santimita biyu da rabi ne kacal, don haka wayar da ta ɗara milimita biyu ko uku ita ma ta zama wani ɓangare na da'irar, tana sauya halinta. Sai ma'aikaci ya zauna yana saita kowace na'ura da hannu, abin da ya sa tsada. Maganin shi ne a gina tiranzistoci da hanyoyinsu da duk 'yan rakiyarsu a kan ƙwaya guda, wadda masu gyaran rediyo ke kira ai-si. Irinta ta gajerun igiyoyi, mai suna MMIC, Ray Pengelly da James Turner na kamfanin Plessey a Ingila ne suka bayyana ta farko ta galiyam da arsenik a 1976. Ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba kuɗi masu yawa a fannin daga ƙarshen shekarun 1980 saboda buƙatar rada, kasuwar talabijin kuma ta kawo yawan da ya karya farashi.

Daga baya silikon ya dawo fagen, bayan an koyi gauraya shi da jamaniyam. A LNB da yawa na yanzu ƙwaya guda ce ta irin wannan haɗi ke yin gaurayawa da ƙirƙirar igiya. Tsofaffin suna dogara ne da wani ɗan dunƙulen tangaran wanda kaɗawarsa ke gocewa idan rana ta yi zafi ko dare ya yi sanyi. Sababbin kuwa suna ɗaukar kaɗawar wani ɗan lu'ulu'u irin na agogo, mai megahaz 25, su ninka ta sau 390 su sami 9,750, ko sau 424 su sami 10,600. Amma har yanzu a bakin ƙofa HEMT ne ke tsaye shi kaɗai, domin ƙa'idar Friis ba ta canza ba.

Batun cin wuta

LNB ba ta da wayar wuta tata. Risiba ce ke tura mata lantarki ta cikin wayar da hoto ke saukowa, kuma da lantarkin ne take ba ta umarni: bolt 13 na nufin a saurari igiyoyin da ke tsaye, bolt 18 waɗanda ke kwance, wani ɗan sauti mai kilohaz 22 kuma na nufin a koma zangon sama.

A ce wata LNB tana jan miliyamfiya 150 a bolt 18. Wat 2.7 ke nan. Ga alama ba wani abu ba ne, amma risibobi da yawa ba sa yanke mata wuta ko an kashe su da rimot. A shekara ta sha kusan kilowat-awa 24, gidaje miliyan ɗaya kuma sun riƙe megawat 2.7 dare da rana. Ga gidan da ke kan sola, mai batir ɗin bolt 12 da amfiya-awa 100 wanda rabinsa kawai ya kamata a sha, wat-awa 65 da take ci a yini ya haura kashi ɗaya cikin goma na ajiyar gidan, tun ba a kunna talabijin ba. Haɗe ɓangarori a ƙwaya guda ya rage wannan ci sosai, kuma cire filogin risiba da dare ya fi kowace fasaha arha.

Akwai dalili na biyu. Da'irorin ciki ba su buƙatar fiye da bolt biyar, a ƙirar da aka saba kuma ragowar zafi yake zama a cikin ɗan akwatin da dama rana ke gasawa. Zafi kuwa shi ne hayaniya. Sai dai ba a iya rage wutar yadda aka ga dama, domin tiranziston farko yana da wani matsayi da ya fi yin shiru, wajen miliyamfiya 10 a bolt 2. In aka rage ƙasa da haka ƙarfinsa ya faɗi, in aka ƙara hayaniyarsa ta tashi. Nemo wannan tsakatsaki shi ne gwanintar masu ƙira. Ko a nan halitta ta yi gaba: ƙwaƙwalwar ɗan'adam dukanta, da ji da gani da tunani, kimanin wat 20 take ci.

Ya kamata mai saye ya yi hattara da abin da ake rubutawa a jikin kwali. Akan ga an buga cewa hayaniyar na'ura desibel 0.1 ce. Wannan daidai yake da Kelbin bakwai, matsayin da masu nazarin taurari ba sa kaiwa sai sun sanyaya na'urorinsu da iskar hiliyam. Tiranziston farko shi kaɗai, mai kyau, yana wajen 0.3 zuwa 0.4 a gigahaz 12, kafin a haɗa asarar sauran ɓangarori. Lambar talla ce kawai. Wanda hotonsa ke yankewa zai fi samun biyan buƙata idan ya ƙara faɗin kwano, ko ya gyara saiti, ko ya canza ruɓaɓɓiyar waya.

Ruwa da rana da zanzaro

Ƙurar hunturu ba ta cika damun zangon Ku ba, saboda ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta ainun a kan igiya mai santimita biyu da rabi. Ɗigon ruwan sama mai kauri kuwa yana shanye igiyar yana kuma watsa ta, sannan da yake ruwan da ɗuminsa, sai ya mayar da sararin sama mai sanyi ya zama mai hayaniya. Wannan ne ya sa hoto kan ɗauke tun hadari na gabas bai kai ga zubowa a unguwa ba, muddin ya shiga tsakanin kwano da tauraro. Zangon C ya fi jure ruwa, shi ya sa gidajen talabijin suka daɗe suna riƙe da shi, amma shi ma ya samu maƙwabci mai ƙara tun da aka yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin layin 5G a Nijeriya a Disambar 2021. LNB ɗin da ke kusa da irin wannan turke sai an sa mata matata. Sau biyu kuma a shekara, wajen Maris da Satumba, rana kan bi ta bayan tauraron daidai, hayaniyarta ta rufe saƙo na 'yan mintoci a cikin 'yan kwanaki. Ba lalacewa ba ce, bai kamata a biya mai gyara ba.

A 1964, Arno Penzias da Robert Wilson sun yi fama da wata 'yar hayaniya ta kimanin Kelbin uku da rabi a wata eriya da aka gina domin sadarwar tauraron ɗan'adam a jihar New Jersey. Sun zargi wasu tattabaru da suka yi sheƙa a ciki, suka kore su, suka wanke kashinsu, hayaniyar ba ta gushe ba. Daga baya ta tabbata cewa ragowar zafin farkon sararin samaniya ce, binciken da ya ba su lambar Nobel a 1978. Zarginsu na farko bai zama wauta ba, domin duk wani abu mai laima da ɗumi da ya shiga bakin eriya hayaniya yake zubawa. A ƙasar Hausa zanzaro ne ke yin wannan ɓarna. Idan rana ta cinye murfin robar da ke bakin LNB ya tsage, sai zanzaro ya samu rami mai inuwa, ya gina ɗakinsa na laka, ya cusa tsutsotsi ko gizo-gizon da ya sumar domin 'ya'yansa. A can ƙarshen ramin akwai wasu 'yan siraran ƙarafa biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, waɗanda su ne ke miƙa saƙo ga tiranziston farko. Wanda zai fitar da lakar ya cire wayar tukuna, ya yi amfani da tsinke mai laushi, kada ya sa ƙusa ya lanƙwasa su, sannan ya rufe bakin da sabon murfi kafin damina ta faɗi.